Toka a Kan Ƙanƙara

Tun da na dawo ban huta ba. Duk wanda ya tsaya a rumfata ta kasuwar Garwa, kafin ya taya yadi sai ya ce, "Malam Sani, yaya Faransa? Wai da gaske ruwan sama yana sauka fari kamar auduga?" Maƙwabcina mai goro har kujera yake jawowa. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu ina awo, don haka ga labarin nan gaba ɗaya. Sai dai mai jiran labarin daɗi ya yi haƙuri, ba buɗe ido na je ba. Ƙanena Habu na je nema.

Habu kuku ne. Ya yi shekaru yana dafa wa wani Baturen kamfanin auduga abinci, wanda duk gari ya sani da Mai Lofe. Da Mai Lofe ya bar aiki ya koma ƙasarsu, ya karɓi otel a kan wani dutse inda Turawa ke zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara, sai ya aiko Habu ya bi shi. Habu ya tafi ya bar matarsa Hajara da yara biyu a gidanmu na Yelwa. A tsakiyar sanyin bana waya ta zo ta ofishin kamfanin: ƙanƙara ta zaftaro daga dutse ta tafi da Habu cikin wani kwari, an nema an gaji, ba za a same shi ba sai ta narke. Mai Lofe ya ce mu jira, in lokaci ya yi zai kira mutum ɗaya, kuɗin jirgi a wuyansa.

Inna ta hana a shimfiɗa tabarmar makoki. "Ba a yi wa wanda ba a gani ba zama," in ji ta. "Sai jinina ya je ya dawo ya faɗa mini." Masu gaisuwa suna zuwa suna komawa daga zaure. Hajara ce ta fi shan wuya, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. In ta sa kwalli unguwa ta yi magana, in ta bari Inna ta ce tana yi wa ɗanta fatan mutuwa.

Haka muka zauna har zafi ya kama. Kun san zafin Garwa a watan Afrilu. Wata rana Kawu Isa, ƙanen Inna, ya shigo yana fifita da hularsa ya ce, "Kwalta ma narkewa take yi a bakin gada. Wace ƙanƙara ce za ta tsaya wa wannan rana? Ai rana ɗaya ce a duniya. In yaron nan ya fito ba namu a wurin, Nasara za su sa masa kwat su jefa shi a akwati." Kowa ya ce gaskiya ne, har da ni. Mu da gawa ba ta kwana a wurinmu, wata uku ya yi mana yawa. Muka karɓi tikiti a ofishin kamfanin, ba mu jira kiran Mai Lofe ba.

Na ce zan yanki akokon likkafani a rumfata, tunda yadi ba ya yi mini wuya. Inna ta buɗe adudunta ta ciro wani farin saƙi daga can ƙasa. Na san shi. Da hannunta ta kaɗa zaren, ta kai wa masaƙi, ta ajiye wa kanta tun muna samari. Na ce, "Inna, ai kin ce bai mutu ba." Ta ce, "Ban ce ya mutu ba. Cewa na yi kada ka tafi hannu rabbana."

Ta Njamena zan hau jirgi, don haka na bi mota zuwa Marwa, na kwana a Domayo gidan wani abokin cinikina. Matarsa ta ɗaure mini kilishi, ta ƙara da bargo, wai ta ji ana sanyi a can. Na yi dariya na karɓa don kada ta ji kunya. A hanyar Waza taya ta fashe, muka yini a gindin wata ƙaya da inuwarta ba ta ishi akuya ba. A Kusuri wani ɗan duwan, wato kwastan, mutumin kudu, ya kwance ƙunshina ya shafa saƙin ya ce nawa nake sayar da mita. Abokin aikinsa ɗan wurin ya leƙo ya gaya masa ko mene ne. Ya janye hannu ya goge a wandonsa, ya ce in wuce. Muka haye kogi, ruwan ya ja baya har yara na wasa a tsakiya.

Na jirgin sama ba abin faɗa, na rufe ido na yi ta salati har aka sauka. 'Yan duwan ɗin Faransa suka ƙwace kilishin, suka warware likkafanin a kan tebur, suka ɗaga shi a fitila, sannan suka dunƙule mini shi kamar tsumman goge mota. Raina ya ɓaci. Na shimfiɗa shi a gabansu na ninke gefe da gefe yadda ake ninke yadi, a tsanake, layi na jira a bayana.

Daga nan jirgin ƙasa, sannan bas. A gindin duwatsun na ga ciyawa shar, furanni, shanu na kiwo. Na ce alhamdu lillahi, Kawu ya yi gaskiya, ta narke. Sai bas ta fara hawa tana kwana bayan kwana har na amayar da burodin da na ci. Da na ɗago kai na ga wani abu fari-fari da datti a bakin hanya. Muna hawa yana ƙaruwa, har ya cinye ciyawar, ya cinye duwatsun, ba abin da ya rage sai hanya.

Inda bas ke tsayawa akwai ofishin karɓar baƙi. Wata yarinya mai fara'a ta miƙo mini taswirar dutsen, ta ce na zo a sa'a, ƙarshen lokaci ne an rage farashi, ko na taɓa yin wasan ko a nemo mini mai koyarwa? Da Faransancin kasuwa na ce mata ni wan Habu kuku ne. Fara'ar ta ɗauke. Ta ɗauki tarho.

Mai Lofe ya zo da kansa, ya tsufa. Da Fulatanci ya yi mini magana kamar yadda ya saba a Garwa.

"Jam na, Sani? Wa ya ce ka zo yanzu?"

"Zafi ya yi, patron. Muka ce ta narke."

Ya cire lofen daga baki. Sannan ya ja ni barandar otel ya nuna mini wani kwari a kafaɗar dutsen, mai duhun inuwa. Ya ce rana ba ta leƙa wurin sai na ɗan lokaci da tsakar rana, kuma abin da ya taru a ciki ya fi gidan sama tsawo. Ya ce ba za ta narke ba sai can tsakiyar daminarmu, in an yi sa'a. Tikitina kuwa da ranar komawa a jiki, takardar zamana ma haka.

Aka sauke ni a ƙarƙashin ginin, ɗakin ma'aikata, kusa da tukunyar da ke ɗumama otel. Gadon Habu aka ba ni. Butarsa na nan, babbar kwat ɗinsa ta biyu na rataye a ƙusa, da ƙanshin albasa har yanzu a hannunta. Na sa ta a ƙarƙashin babbar rigata, na lulluɓa da bargon Domayo da na yi wa dariya. Abinci kuwa, duk tukunyar da na leƙa alade na ciki, in babu alade akwai giya. Abin da suka fi ji da shi cuku ne da ake narkarwa, warinsa kamar an jiƙa fata a majema. Da burodi da dankali na rayu, sai wani abu kamar burabusko da Ammi Rabah yake turara mana ran Juma'a.

Ammi Rabah tsoho ne mutumin Aljeriya, da rana ya kwashe ƙanƙara da shebur, da yamma ya wanke kwanuka. Da Larabcin Kusuri da ɗan Faransanci muke fahimtar juna, inda muka maƙale mu haɗa da hannu. Shi ya ga abin da idonsa. Otel ɗin yana da ƙaramin gidan abinci a can ƙoli. Ranar da abin ya faru iska ta hana kujerun da ke hawa da mutane a igiyar ƙarfe aiki, ga baƙi a sama suna jira, sai Habu ya goya kwandon burodi ya yanke ta bakin kwarin. "Na kira shi," in ji Ammi Rabah. "Ya waiwayo ya ɗaga mini hannu. Sai ƙasan da yake tsaye ya tafi."

Masu tambayata yadda wasan yake, ga shi. Mutum ya ɗaura katako biyu dogaye a ƙafa, kujera ta kai shi sama, ya sulalo ƙasa, ya sake hawa. Shi ke nan, daga safe har la'asar, kuma biya yake yi. Gari guda ne aka gina don yi wa wannan hidima. Akwai shagon hayar takalma da katako, akwai masu koyarwa, akwai ɗakin da ake ajiye jarirai kamar yadda muke ajiye keke a ƙofar kasuwa. Akwai masu jan gadon marasa lafiya suna jiran wanda zai karye, kuma kullum sai an samu. Yadin da suke sawa kam na yaba, ruwa ba ya shigarsa, na murza na kasa gane saƙarsa. A ƙarshen lokaci irin wannan, da safe ƙanƙarar tauri gare ta, ni ma ta kayar da ni a ƙofar kicin da takalmina na fata har na kwana biyu ina ɗingishi. Da rana kuwa sai ta zama kamar kunu. Nan sai mata su kwanta a baranda su shafa mai su buɗe kafaɗu, suna fuskantar kwarin da ƙanena yake ciki, kiɗa na tashi. Inda ƙasa ta fara leƙowa a hanyar wasan, su Ammi Rabah ne ke ɗebo ƙanƙara daga inuwa su rufe. Duk garin addu'ar sanyi yake yi, ni kaɗai nake roƙon rana.

A wurinmu in aka yi rasuwa a layi, rumfuna rufewa suke yi. Na riƙe wannan a zuciya ina jin haushinsu. Amma kada in zalunce su. Shugaban masu ceto, wani dogo mai kare, ya zo ya same ni ya cire hula. Ya ce mutanen ƙauyen sun jera sahu kwana da kwanaki suna soka dogayen sanduna, har wani ya rasa yatsun ƙafa. Shi ne kuma ya gaya mini dabarar kakanninsu. In manomi yana so gonarsa ta fito da wuri, sai ya watsa toka a kan ƙanƙarar, baƙin ya sha rana ya ci ta.

Toka kuwa ba ta yi mana wuya, tukunyar ɗakinmu kullum tana zubarwa. Muka shiga aiki. Da sassafe kafin baƙi su fito, ni da Ammi Rabah mu cika bokitai mu hau kujerar nan, ƙafafuna na lilo a sama ina rungume da bokiti ido rufe. Mai kare ya ɗaura mana igiya a ƙugu, mu watsa toka a inda yake zaton Habu ya tsaya. Kafin rana ta yi zafi ya kore mu, don a irin wannan lokaci dutsen yana sake zubowa. Hasken ya ƙona mini ido har na yini ina hawaye. Amma abin yana ci. Wurin da muka baƙanta ya lotsa, kullum ana ganin bambanci. Na fara lissafin yadda zan yi masa wanka, da wanda zai zuba mini ruwa.

Sai matar Mai Lofe ta sa aka kira ni ofis. Ta yi magana da sauri, mijin ya fassara yana kallon ƙasa. Wai baƙi suna tambayar wannan baƙin tabo da ake hange daga baranda, su kuwa fari suka biya su gani, kuma in an ba su amsa abinci ba ya shiga. Wai kuma in daina tsayawa a barandar da carbi.

Na ce, "Patron, shekara nawa kana cin abincin hannunsa? Da ka yi zazzaɓi a Garwa wa ya kwana a ƙofarka? Burodin baƙinka ya ɗauka ya hau."

"Munyal, Sani," in ji shi, wato haƙuri. "Saura kaɗan a rufe. In ban cika ɗakunan nan ba, ma'aikata ba albashi."

Ya juya ya yi wa matar magana a hankali, ta fita ta buga ƙofa. Ya ce in ci gaba da tokata, barandar dai in bar musu. Na ce na ji.

Ashe ba matar ce za ta hana ni ba. Ana saura 'yan kwanaki in tafi, muka tashi da safe gari ya yi shiru, sama ta rufe. Ga abin da kuke tambayata nan, yana sauka a hankali, fari, ba ƙara. I, kamar auduga yake. Ya yini yana zuba, ya kwana. Da gari ya waye baƙi suka fito da ihu suna rungumar juna, ofishin karɓar baƙi ya buga sanarwa cewa an ƙara kwanakin wasa. Na zagaya bayan kicin na hangi kwarin. Fari fat, kamar ba a taɓa zuba komai ba. Na zauna a kan bokitin toka na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifinmu.

Ammi Rabah ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ya Sani, ku ma Malikawa ne kamarmu. Wanda aka rufe ba a yi masa salla ba, ana yi masa a bakin kabari. Wannan ne kabarinsa har Allah ya buɗe."

Ranar da muka sa ta zo daidai da wani biki nasu na ƙarshen lokaci, inda kowa ke shigar ban dariya ya yi zamiya da ita. Wani ya zama kura, wani ya sa kayan mata, wani ya yafa zanen gado ya naɗa rawani. Muka hau mu uku, ni da Ammi Rabah da wani ɗan garinsu mai gyaran igiya, mai kare ya raka mu. Mai kare ya ciro kamfas ya nuna mana gabas. Muka tsaya a bakin kwarin, gefen hanyar wasa, ni a gaba da babbar riga. Na yi kabbara ta fari. Kafin ta biyu na ji katako na tsayawa a bayanmu, ana dariya, ana ɗaukar hoto. Sun zaci mu ma shigar bikin muka yi. Na daure na cika huɗu, na yi sallama. Sai suka tafa mana.

Mai kare ya juya ya faɗa musu kalma biyu ko uku. Tafin ya mutu. Mai rawanin zanen gado ya warware shi a hankali ya riƙe a hannu. Wata tsohuwa ta yi alamar addininsu a ƙirji. Suka sulale ɗaya bayan ɗaya, can ƙasa kiɗa bai tsaya ba.

Da yamma na ciro likkafanin na ɗora a gadon Ammi Rabah. Shi ba ya tafiya gida in an rufe otel, yana zama gyaran hanya. Ya ce dokar ƙasar sai da akwati, wannan ba makawa, amma zai wanke shi da hannunsa, ya naɗe shi a ciki, ya kwantar da shi a kan damansa. Mai Lofe ya yi alkawarin wuri a gefen maƙabartar ƙauyen, mai kare ya ce shi zai auna gabas. Ammi Rabah ya shafa saƙin ya ce wa ya kaɗa wannan zare. Na ce uwarsa, kuma wa kanta ta kaɗa. Ya sumbace shi ya sa a ƙasan akwatinsa.

Duk hanyar dawowa abu ɗaya nake juyawa. An aike ni in gani, ban gani ba, kuma na bar wa baƙo likkafanin tsohuwa. Na iso Garwa an yi ruwan fari, ƙasa na ƙanshi. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, Kawu Isa a gefe, Hajara ta tsaya a bakin madafa da ludayi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta tambaye ni hanya ba.

"Ka gan shi?"

"Ban gan shi ba, Inna. Na tsaya a kansa, na yi masa salla. Mun yi gaggawa, ranarsu ba irin tamu ba ce."

Kawu ya sunkuyar da kai. Inna ta dubi jakata.

"Ina kayana?"

"Na baro shi a can. Akwai wani dattijo Musulmi, a gabansa abin ya faru. Ya yi alkawari in ya fito shi zai wanke shi ya rufe shi da shi. Ki gafarce ni, zan sa a saƙa miki wani."

"Dattijon nan yana salla?"

"Ba ta wuce shi."

Ta dubi indararo, ruwa na ɗiga. Sannan ta ce, "Kada ka saƙa komai. Ni ko akokon rumfarka ya ishe ni, ina da masu rufe ni. Shi ne ba shi da kowa a can." Ta juya wajen madafa. "Hajara, 'yata, ajiye ludayin nan ki cire 'yan kunnenki. Isa, a shimfiɗa tabarmi a zaure."

Sai a lokacin ta ja mayafi ta rufe fuskarta.